Tafiya Tsakanin Buhunan Aya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke saukar da cuta kuma Ya nuna hanyar sauƙi. Sunana Zuwaira, a Gazawa nake zaune. Sana'ata sayen aya da riɗi da wake lokacin kaka, in tara a sito, in sayar wa masu zuwa daga tsallaken iyaka idan kaya sun yi daraja. Da faranti a kai na fara, ba wanda ya ba ni jari. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san ni ba malamar asibiti ba ce. Abin da idona ya gani a jinyar maigidana, Malam Idi, shi zan rubuta, domin tun da ya samu sauƙi mata ke tare ni a kasuwar Gangara suna tambayar wane malami ya yi mana aiki, amsar kuwa ta fi ƙarfin tsayuwar kasuwa.

Ciwon ya daɗe yana yi mana sallama, mu ne ba mu gane muryarsa ba. Tun ana yankan hatsi Malam ke kukan ƙeya, yana cewa rana ce. Wani lokaci ya ce idonsa na yin hazo. Sai ya sayi ƙwaya wurin masu yawo da magani, ya sha, ya koma gona. Wata safiya yana alwala buta ta kuɓuce daga hannunsa na hagu. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya bi ta ƙasa. Da na ɗago shi, bakinsa ya karkace, maganarsa kamar mai tuwo a baki.

Kafin in gyara ɗaurin zanena gida ya cika. Yayarsa, Yaya Habsu, wadda ta goye shi tun ranar da uwarsu ta rasu, ta iso da garwashi a kasko. Ta ce iska ce ta buge shi, kada a kai shi inda ake allura, don allura da iska ba su haɗuwa. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu, yana sha yana zubowa ta gefen baki. Matar gida ba ta tsallake maganar yayar miji a gaban mutane, sai na zauna ina kallo har hantsi ya wuce. Da azahar ta kusa na fita ban ce wa kowa komai ba, na dawo da shatar mota. Gargaɗina na farko ke nan: idan baki ya karkace, hannu ya saki, a yi addu'ar a cikin mota.

A gidan likitan garinmu majo, babban ma'aikacin jinya, ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ya ce, "Hajiya, tun yaushe yake da tansiyo, hawan jini?"

Na ce, "Ban taɓa jin yana da shi ba."

Ya ce, "To shi tansiyon ya daɗe da sanin gidanku."

Ya ba mu takarda muka wuce Agiye, daga Agiye aka tura mu Maradi.

Satin farko a Maradi layi na sani. Layin kati, layin hoton kai, layin farmasi. Kowace safiya a miƙo mini sabon ordonans, wato takardar sayen magani, kuma in ba ka tare mutum ka tambaya ba, ba mai tsayawa ya gaya maka abin da ake ciki, ba don mugunta ba, marasa lafiya sun fi ƙarfin ma'aikatan. Mu masu jinya muna ƙarƙashin dogon yaro da tabarminmu da tukwanenmu. Wata mata daga wajen Gidan Runji da ke jinyar ɗanta ita ke riƙe mini layi idan na shiga juya Malam. Ban san ƙarshen ciwon ɗanta ba, mun rigaye su fita. Allah Ya saka mata. A satin nan na buɗe sito na sayar da ayar da na ajiye don bazara. Abokan sana'a sun ji ina asibiti, suka zo dubiya da farashinsu a aljihu. Ban ga laifinsu ba, kasuwa ce, amma na riƙe fuskokin.

A sati na biyu likitan da ke duba Malam ya kira ni ya nuna mini hoton. Ya ce wata ƴar hanyar jini ce ta toshe a kai, wurin da ya lalace ya lalace, amma maƙwabtansa na iya koyon aikinsa idan an tilasta musu. Ya haɗa mu da mai motsa gaɓoɓi, wadda a can suke ce wa kine, wata ƴar siririyar mata mai ƙarfin hannu. Ta tsai da Malam da ƙarfe biyu a gefe, ya ja ƙafar, gumi na zuba. Ranar da za a sallame mu ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, ƙafar da aka bari ta kwanta mantuwa take yi. Kullum ya taka. Ko yana kuka ya taka." Wannan maganar ce ta zauna mini.

Muka dawo gida, jinya ta koma hannun dangi. Yaya Habsu ta kwaso kayanta ta tare a gidanmu. Ta shimfiɗa masa katifa a rumfa, matashi a baya, matashi a gefe. Masu dubiya daga safe har magariba, wannan da fura, wannan da balangu, wannan da lemon kwalba, duk abin da aka hana shi. Idan ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, mutum uku ne za su rigaye shi. Idan ya yunƙura, sai ka ji, "Kwanta Malam, mi kake so a kawo maka?" Hannun hagun kuwa Yaya ta shafe shi da man shanu ta naɗe da tsumma don kada sanyi ya shiga. Ni kuma lokacin saye ne, dole in fita, don asibiti ya rage sito. Kowace yamma in dawo in tarar ana ba shi abinci a baki.

Na ce, "Yaya, an ce fa ya riƙa takawa."

Ta ce, "Su da suka ce, ƙanensu ne? Mutum bai warke ba a ce ya yi yawo. Ke dai je ki kasuwarki."

Ba wanda ya kai ta son Malam, ni shaida ce. Ita ke wanke shi, ita ke kwashe abin da wani ba zai kwashe ba, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. A wurinmu haka ake nuna ƙauna ga maras lafiya, a hana shi motsi. Kusan wata guda aka yi ana ƙaunarsa haka. Ƙafar ta sirance, ƙugunsa ya fara yin ja wurin kwanciya.

Da muka koma Maradi kine ta kwance tsumman, ta ja yatsun, suka koma suka dunƙule. Ta tsai da shi, ya kasa abin da yake yi kafin a sallame mu. Ta ce, "Wa ke jinyarsa?"

Na ce, "Mu duka."

Ta ce, "Na gani." Sannan ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye, idan aka ƙara wata guda haka, in nemi keken guragu tun yanzu.

Zuwa Maradi kowane sati ya fi ƙarfinmu, ga kuɗin mota, ga wahalar hanya a jikinsa. Sai na ce to mu taka a gari. Da safe na ba shi sanda, na riƙe gefensa na hagu, muka fito za mu kai kwanar masallaci mu dawo. Ba mu wuce ƙofar maƙwabci ba aka fito da kujera. Muka yi godiya muka matsa. Mai kabu-kabu ya taka birki, "Haba Hajiya, muna garin nan Malam zai taka ƙasa? Ku hau, ba ko dala." Ya tafi, wani ya tsaya. Kowa sai ya gaisa, kuma gaisuwar dattijo ba a tsaye ake yin ta ba, sai an zaunar da shi. A rana ta biyu wani tsoho ya dube shi ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, Malam Idi ne ya koma haka." Da alheri ya faɗa. Malam ya juya da kansa. Da muka shiga gida ya kwanta ya fuskanci bango, ya ce ba zai ƙara fita ya zama abin kallo ba. Kafin yamma labari ya kai kasuwa cewa Hajiya Zuwaira na jan miji a ƙasa don kada ta biya kuɗin moto.

A satin nan ɗiyarmu Nana, da ke aure a Agiye, ta zo. Ta ce, "Inna, akwai masu tafiya a cikin ɗaki." Ta buɗe salula ta nuna mini. Wasu mata ne a wani ɗaki mai haske, suna ɗaga ƙafa suna saukewa a wuri guda, su matsa gefe su dawo, ana kiɗa, ta gaban tana ta magana da harshen da ba mu ji. Ta kai wa babanta. Ya duba sau ɗaya ya kau da kai.

Ya ce, "Ni da ke jan sallah idan liman ba ya nan, ni za ki kawo wa mata ba mayafi?"

Yaya Habsu ta leƙa ta ce, "Rawa ce. Saura a kira makaɗa."

Ni kuwa na karɓi salular na shiga ɗaki na dube ta yadda nake duba kaya. Mai saye ba buhu yake kallo ba, hannu yake zurawa har ƙasa. Da na cire kiɗan da tufafin da surutun, abin da ya rage shi ne ɗaga ƙafa, sauke ƙafa, matsa gefe, huta, sake. Abin da kine ke sa shi ke nan, kuma ba ya bukatar titi. Amma ban yarda da idona kaɗai ba. Na ba Nana kuɗin mota ta je Maradi ta nuna wa kine. Ta dawo ta ce kine ta watsar da duk masu saurin nan, ta ce za su kada shi. Ta zaɓi guda ɗaya, na wasu tsofaffi da ke riƙe da bayan kujera suna takawa a hankali. Ta ce sai ya sha maganin tansiyo, sai da mutum a gefensa na hagu, kuma da ya ji jiri a tsaya. Wannan ma gargaɗi ne: abin da ke cikin salula ba duka aka yi don maras lafiya ba, a nuna wa wanda ya sani.

Ko na tsofaffin Malam ya ƙi kallo, akwai mata a ciki. Na ce, "To ni fa? Ni ma haramun ce?"

Sai gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

Wurin da masu dubiya ba su shiga a gidana guda ɗaya ne, sito. Na sa aka jera buhunan aya daidai ƙugunsa, layi biyu, da ƴar hanya a tsakiya. Na kashe sautin, na jingina salular a kan buhu ta bayansa, tana fuskantata. Ni ina kallon tsofaffin ina yi, shi yana kallona yana yi, Nana na gefensa. Ranar farko ƙafar ko rabuwa da ƙasa ba ta yi ba, diddigen kawai ke ɗagawa. Ya zage ta, ya zagi buhun, ya ce a mai da shi rumfa. Ni kaina da na saba zaman kasuwa a kan kujera, haki nake kamar na yi dakan biki. Muka koma washegari. Safiyar da nake fita saye ita na ba sito, don haka kasuwannin ƙauye da yawa suka wuce ni a shekarar, wasu suka zauna a wurina.

Da Nana ta koma ɗakinta sai Allah Ya kawo Labo. Labo taubashin Malam ne, ɗan kawunsa, mai sayar da awaki, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya zo dubiya bai ga kowa a rumfa ba, ya bi motsi har sito, ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe yana kallonmu.

Ya ce, "Sannunku da hanya. Ina aka nufa?"

Malam ya ce, "Fita."

"Tun ɗazu nake ganin kuna tafiya, ba ku wuce buhu na biyu ba. Hajiya, wannan jakin naki na sayarwa ne? Ba ni da kuɗin mai ƙafa huɗu, amma mai ƙafa ɗaya da rabi zan taya."

Malam ya ce, "Mai ƙafa ɗaya da rabin ya fi ka. Zo ka yi in gani, da tumbinka."

Labo ya tuɓe takalmi ya tsaya gefensa na hagu. Daga ranar kusan kullum sai ya zo, kuma shi ya ƙirƙiro cewa tafiya muke zuwa Maradi. In ya shigo ya ce, "Jiya a ina muka kwana?" Malam ya ce a Gangara. Labo ya ce ƙarya ne, ko tashar Gazawa ba mu fita ba. Abin da lallashina bai sa Malam ya yi ba, gardama da Labo ta sa shi. Ƙafar ta fara barin ƙasa. Sannan ya fara matsawa gefe. Sannan ya fara sakin buhun na ɗan lokaci, yana harararmu kada wani ya taɓa shi.

A sakin nan ne ya faɗi. Wata safiya Labo bai zo ba, ni kuma idona na kan salula, ba a kansa ba. Ya saki buhu, ƙafar ta harɗe, ya tafi ta gefen hagu, goshinsa ya samu bakin ma'auni. Jini ya wanke masa fuska. Aka kai shi wurin majo ya yi ɗinki, ya auna shi, ya ce ba sabon ciwo ba ne, faɗuwa ce kawai, amma kada a ƙara yi ba mutum a gefensa.

Yaya Habsu ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta aika aka kira ƙannensu biyu, aka zauna a tsakar gida bayan la'asar. Ta ce ta yi haƙuri ta ga an mai da ƙanenta ɗan rawa a ɗakin ajiya, yau ga jini. Ta ce gobe za ta ɗauke shi zuwa gidanta ya kwanta ya huta har Allah Ya yi ikonsa. Ƙannen suka sunkuyar da kai. Ni ba ni da bakin magana a zaman, ga ɗinki a goshinsa kowa na gani. Na san idan ya shiga gidan nan ya kwanta, ba zai ƙara tashi ba.

Malam na rumfa a zaune. Sai muka ji ƙarar sanda. Ya kama ginshiƙin rumfar ya miƙe. Ƙanensa ya zabura, Malam ya ce masa, "Zauna." Ya taho, ƙafar dama, sanda, ya jawo ta hagu. Tsakar gidanmu ba wani faɗi gare ta ba, amma ban taɓa ganin ta yi nisa kamar ranar ba. Ba wanda ya yi tari. Ya iso gaban Yaya Habsu ya tsaya yana haki.

Ya ce, "Yaya, kin goye ni sau ɗaya, ya isa. Bayanki ya tsufa."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Da ta buɗe ta ce, "To wa ke tsaya maka a gefen in wancan shashashan Labo bai zo ba?"

Na ce, "Ba kowa, Yaya."

Ta ce, "Gobe a kira ni. Amma ni ba zan ɗaga ƙafa ba."

Ba ta ɗaga ba kuwa. Tsayawa take a gefensa da hannunta a buɗe kusa da ƙugunsa, bakinta na motsi da addu'a, ba ta taɓa kallon salular ba.

Ga inda muke yau. Ƙafa ta dawo, yana ɗan janta, ya bar sanda a cikin gida. Magana ta daidaita. Hannun hagu bai dawo ba. Yatsun sun dunƙule, ba ya riƙe buta da shi, ni ke ɗaura masa maɓallin riga. Kine ta ce ba za ta rantse ba, amma da ba a naɗe shi wata guda ba, da wataƙila ya fi haka. Wannan maganar ban kai wa Yaya Habsu ba, kuma ba zan kai ba. Maganin tansiyo kullum ne, ba a daina shi don an ji sauƙi, kuma miyar gidanmu ta rage gishiri har yara na ƙorafi. Ni ma da majo ya auna ni ya ce nawa ya fara hawa, don haka takawar sito ba ta rabu da ni ba. Wanda ya haura shekara arba'in ya je a auna shi ko ba ya jin komai. Masu zuwa dubiya kuma, Allah Ya ba ku lada, amma idan kun ga maras lafiya ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, ku bar shi ya ɗauka.

Ina godiya ga majo, da likitan, da kine da ba ta taɓa yi mana zaƙin baki ba, da Labo, da Nana, da Yaya Habsu. Allah Ya tashi kafaɗun duk wanda ke kwance, Ya ba masu jinyarsa haƙuri da sanin abin da ya kamata.

Da ruwan shuka ya sauka bana, Malam ya ce a kai shi gona. Aka kai shi a amalanke. Masu aiki na gaba suna sara rami, ya ce a rataya masa ƙwaryar iri a wuya. Ya ɗebo da hannun dama ya jefa, ya tsaya a kan ƙafar dama, ya jawo ƙasa da ta hagu ya rufe. Ya matsa rami na gaba. Na bi shi zan tsaya a gefensa, ya ce, "Hajiya, ƙasa ce mai laushi, in na faɗi ba ma'auni a nan. Koma inuwa."

Na koma bakin gona na tsaya. Tun safiyar da ya faɗi, kullum ina gabansa ko ina gefensa. Ranar ce na fara ganin bayansa yana nisa.